Tsohon Raunin Sa'idu

A shekarun da tutar Nijar take sabuwa, tun launinta bai koɗe ba a saman ofishin duwan, wato kwastan, duk direban kamiyo, babbar motar kaya, da ya sauko Gaya zai ƙetare gada zuwa Dahome ya san rumfar Tani. Rumfar zana ce a gindin wata giginya, kusa da tasha, kuma kifi ake soyawa a cikinta tun hantsi har la'asar. Mijin Tani, Sumana, mutumin Dandi ne masunci. Shi ke fita kogi da jirginsa, ita kuma ta karɓi abin da ya kamo, karfasa ne ko tarwaɗa, ta gyara ta zuba a kasko. Gaya ta wancan lokaci ba ta da girma. Idan ka tsaya bakin tasha kana jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fillanci a wuri guda, wani lokaci a bakin mutum ɗaya, kuma babu wanda zai wuce ka bai tambayi mutanen gidanka ba.

Tani tana da ƙane guda a duniya, Sa'idu. Ya tafi soja tun yana saurayi, zamanin Faransawa, ya shekara goma sha shida a wurare masu sunayen da Tani ba ta iya faɗa ba. Ya dawo da muƙamin sarjan, da akwatin ƙarfe, da wani dogon tabo a sharaɓar ƙafarsa ta hagu, inda ƙarfen bom ya yanke shi a yaƙin ƙasar Indoshin. Ya yi aure bayan dawowarsa, matar ta rasu wurin haihuwa, abin da ta haifa ya bi ta. Tun daga nan ya koma wani ɗaki a bayan sito inda yake aikin gadi, ya ce ba ya son hayaniyar gida.

Cin Sa'idu cin bariki ne. Da safe kafe da burodi, da rana shinkafa fara da sardin na gwangwani, da marece abin da ya rage. Sigari kuwa ba ta barin bakinsa sai zai yi salla. Kullum Tani tana aika masa kifi biyu daga kaskonta, shi kaɗai ne abincin gida da yake karɓa. Miyar kuka, miyar yakuwa, kwaɗon rama, duk wani abu mai ganye, ko kallonsa ba ya yi. Idan ta matsa, sai ya ce:

"Yaya, ni ba akuya ba ne."

Sai ta yi dariya ta ƙyale shi, a zatonta girman kan tsohon soja ne kawai.

A bazarar shekara ta biyu bayan samun 'yancin kai ne ta fara lura da shi. Mutumin da ke tafiya kamar an ɗaura masa sanda a baya sai ga shi yana jan ƙafa. Ya zo rumfarta wata rana ya zauna a kan benci, ta miƙa masa kifi mai zafi, ya gutsura, sai ta ga jini a jikin naman. Ya yi sauri ya juya wurin da ya ciza ya rufe da hannu.

"Me ya sami bakinka?"

"Ƙaya ce."

"Tarwaɗa ce fa na ba ka, wace ƙaya a nan wurin?"

Da ya tashi zai tafi ta ga ƙafar wandonsa ta hagu ta manne da fata, ta yi wani duhu. Ta sa hannu ta ɗaga kafin ya hana ta. Tabon nan da ya warke tun shekara takwas ya buɗe, yana ruwa, kamar jiya aka yanke shi. Kewaye da shi kuma fatar ta yi ɗigo-ɗigo baƙi har gwiwa.

Tani ta sauke kasko daga wuta, ta bar kifin a ciki. Sumana, da ya ji labari, ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, rauni ba ya buɗewa haka kawai sai an yi masa aike na sihiri. Sa'idu shi ma ya yarda da wani abu mai kama da haka, ya ce wataƙila wanda ya harba masa ƙarfen ne bai yafe ba. Tani ta ce ko aike ne ko ba aike ba, za a fara da dispanser, ƙaramin asibitin gari, tunda ga ta nan kusa. Ta ari jaki ta ɗora ƙanenta, yana faɗa yana cewa ta kunyata shi a gaban jama'a, ta ja akala ba ta ko waiwaya ba.

Majon dispanser, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, a lokacin wani saurayi ne, Bubakar, ɗan Dioundiou, wanda ya yi karatun aikin jinya har Dakar. Siriri ne, mai tabarau, kuma yana da wata ɗabi'a da mutane ke mamaki: yakan tambayi mara lafiya abin da ya ci kafin ya tambaye shi inda ke masa ciwo. Ya duba bakin Sa'idu, ya danna dasashi da yatsa, jini ya fito. Ya wanke raunin ya ɗaure. Sannan ya ja kujera ya zauna.

"Sarjan, yaushe rabonka da lemu?"

"Ban sani ba."

"Mangwaro? Gwaba? Tumatir? Ko garin kuka na dama kunu?"

"Ni abincin Turawa nake ci," in ji Sa'idu. "Shekara goma sha shida ina cinsa ban kwanta ba."

"A bariki ana ba ku ɗanyen ganye da 'ya'yan itace tare da shi, ko ba haka ba?"

Sa'idu ya ce ana ba su lemu, da wani jan tumatir da albasa. Majo ya gyaɗa kai. Ya ce wannan ciwo sananne ne, tun zamanin da matuƙan manyan jiragen ruwa ke yin wata da watanni a teku suna cin busasshen abinci. Haƙora su yi girgiɗi, dasashi ya yi jini, tsohon rauni ya kwance. Abu guda ne jiki ya rasa, wanda ake kira bitamin, kuma ba a gwangwani yake ba.

Ya ga alamar Tani ba ta gamsu ba, sai ya buɗe aljihun teburinsa ya ɗauko yalo guda da lemun tsami, abin da ya ajiye don kansa. Ya raba yalon biyu da wuƙa. Ya matsa lemun a kan ɓari ɗaya, ɗayan ya bar shi haka, ya ajiye su a bakin taga.

"Inna, ki sa ido a nan, bari in sallami waccan mai goyon."

Kafin ya dawo, ɓarin da ba a sa wa kome ba ya yi ja-ja-baƙi, ya ɓata fuska. Wanda aka matsa wa lemu yana nan fari tas.

"Iska ce ta ci wancan," in ji Majo. "Iskar nan da muke shaƙa ita ke kunna abinci a cikin jikinmu, kamar yadda take hura wutar murhunki. Amma wuta ba ta rasa tartsatsi. Wani malaminmu a Dakar ya ce akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, masu kama da tartsatsin nan, suna cin naman jiki a hankali yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Hayaƙin taba yana ƙara su. Man da aka daɗe ana suya da shi ma haka. Abin da ke tare su kuwa yana cikin 'ya'yan itace da ganye, irin wanda ya tare wannan yalon. Ba zan ce miki an gama sanin zancen ba, masu bincike suna kai har yanzu. Amma na ƙanenki ba shakka a cikinsa."

Tani ta ji maganar man ta tsaya mata a rai. Ta ce:

"Wane irin mai?"

"Wanda ya yi baƙi, ya yi kauri, idan ka ci abin da aka soya da shi ya riƙa maƙaƙi a wuya."

Kaskonta ta tuna. Man gyaɗan da ke cikinsa ba ta taɓa zubar da shi ba, ƙari kawai take yi a kai idan ya ja baya, har ya koma kamar kwalta. Haka ta ga kowace mai suya tana yi, har wasu direbobi na cewa tsohon mai ya fi daɗi. Kuma daga cikinsa take tsamo kifin da take aika wa Sa'idu kowace rana, tana ganin gata take masa.

Majo ya ba da 'yan ƙwayoyi na kwana goma. Ya ce sauran maganin yana kasuwa da garka: lemu, gwaba, tumatir, garin 'ya'yan kuka a jiƙa a sha, da zogale, amma kada a dafa shi har ya mutu.

Ta mayar da Sa'idu gidanta, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ranar ta juye tsohon man a tulu ta ba wata maƙwabciya mai yin sabulu, ta goge kasko da toka da yashi har hannunta ya yi zafi. Lemu bai ba ta wahala ba, yana sha yana yamutsa fuska saboda dasashinsa. Ruwan kuka ma ya karɓa. A rana ta uku ta tsinko zogale a wata garka a bakin kogi, ta ɗan tafasa shi, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, irin wanda Zabarmawa ke kira kopto, ta kai masa da azahar.

Ya buɗe kwanon, ya mayar da murfi, ya tura shi gefe da bayan hannu.

"Ɗauke."

"Majo ne ya ce."

"Ko shugaban ƙasa ne ya ce. Ɗauke, Yaya."

"Wai kai me ganye ya yi maka? Soja nawa ne a garin nan, kowa yana cin tuwo da miya. Kai kaɗai ne ka je Faransa?"

Ya dubi ƙafarsa mai bandeji. Da ya yi magana, ba da muryar sarjan ya yi ba.

"Kin manta bakin Mamman?"

Tani ta zauna a bakin tabarma. Mamman autansu ne. Shekarar fara, lokacin tana da shekara goma sha biyu, Sa'idu tara, suna zaune a wani ƙauye gaba da Karakara. Fara ta sauka ta cinye gero har kara. Ubansu ya tafi neman abinci bai dawo ba. Wata huɗu uwarsu Hajara tana ciyar da su da abin da ta tsinko a daji, tafasa da yaɗiya da anza da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. A hanyarsu ta gangarowa Gaya da ƙafa Mamman ya rasu, yana da shekara uku.

"Ni na riƙe shi," in ji Sa'idu. "Inna ta tafi neman ruwa, ke kina tsinkar ganye. Bakinsa kore shar, har haɓa. Ranar na ce idan Allah ya fitar da ni, ni da ganye har abada. Da aka ba ni burodi a bariki ranar farko, kuka na yi. Sauran suka ɗauka gida na tuna."

Shekara talatin suna tare a duniya bayan wannan abu, bai taɓa faɗa mata ba. Ta share fuska da gefen zane. Ba ta yi masa gardama ba, ba ta ce ganyen ne ya raya su biyun ba, ko da yake maganar ta zo mata har baki. Sai ta ce:

"Kai yunwa ka riƙe. Ni kafin yunwa nake tunawa. Ka tuna garkar Inna a fadama?"

"Kaɗan."

"Akwai rijiya gajera, wadda ake ɗiba da ƙwarya ba sai da guga ba. Zogale ne shingen, ta dasa shi a jere. Tana da yakuwa ja da fara, da kuɓewa, da wani lemun tsami guda da wani fatake ya ba ta irinsa. Da hantsi idan ta gama ban ruwa sai ta zauna a inuwar tsamiya ta yi kwaɗo a babbar ƙwarya, mu kewaye ta. Baba yana nan a lokacin, yakan zo daga gona ya tsuguna ya ci da mu, yana cewa ta cika barkono. Kai kuma ba ka jira a gama, hannunka na cikin ƙwarya tun ba a sa gishiri ba, tana buge ka da ludayi. Har suna ta sa maka."

"Wane suna?"

"Ɗan Kwaɗo."

Wani abu ya motsa a gefen bakinsa, amma bai yi dariya ba. Ya juya ya kwanta ya fuskanci bango. Tani ta tashi ta koma tasha, ta bar kwanon inda yake.

Da ta dawo da la'asar ta tarar da kwanon a wanke, a kife. Akwai akuya a gidan, don haka ba ta saki jiki ba, kuma ba ta tambaya ba. Washegari ta sake kai wani, shi ma ta same shi a wanke. Sai a rana ta uku, Sumana ya faɗi wata magana ta ban dariya a kan wani ɗan duwan da ya faɗa kogi da kakinsa, Sa'idu ya buɗe baki ya ƙyalƙyace, ta hango ɗan koren ganye maƙale tsakanin haƙoransa. Ta shige ɗaki da sauri don kada ya ga fuskarta.

Cikin mako biyu jinin baki ya tsaya. Raunin ya fi ɗaukar lokaci, amma kafin ruwan farko ya sauka ya haɗe, ya bar tabo mai faɗi fiye da na da. Haƙora biyu na ƙasa dai sun tafi, ba su dawo ba, har maganarsa ta riƙa fita da ɗan fito. Sigari bai bari ba, ya dai rage ta zuwa uku a rana, yana cewa umarnin likita ne kuma soja ba ya ƙin umarni gaba ɗaya. Sumana ya ci gaba da cewa aiken ne ya ƙare wa'adinsa. Tani kuwa ta koma canja mai da zarar ya fara duhu, tana yanka lemun tsami da albasa da tumatir a gefen kowane kifi. Wasu direbobi suka yi gunaguni cewa kifin ya rasa ɗanɗanonsa na da, biyu ma suka koma wata rumfa. Sauran suka saba.

Bayan kaka Sa'idu ya zo da kansa ya ce yana son ganin ƙauyen. Suka hau kamiyo mai zuwa wajen Dioundiou, suka ƙarasa da ƙafa. Ba su gane wurin ba sai da suka yi tambaya. Rijiyar ta rufe, an shuka rake a inda garkar take, tsamiyar kaɗai ta rage, ita ma an sare mata reshe biyu. Suna tsaye suna kallo, wata tsohuwa mai suna Ladi ta fito daga cikin raken da ɗaurin itace a ka. Ta dubi Tani ta sake dubawa, ta sauke itacen.

"Wannan goshin na Hajara ne. Ke ce Tani?"

Ta kai su gidanta, ta shimfiɗa tabarma, ta kira 'ya'yanta da jikoki su zo su ga 'ya'yan ƙawarta. Ta ce an ɗauka duk sun mutu a hanya. Tani ta gaya mata Hajara ta kai Gaya da rai, ta yi shekara bakwai tana sayar da itace kafin ta rasu. Ladi ta yi mata addu'a, ta yi wa Mamman, sannan ta shiga ba su labaran uwarsu da su kansu ba su sani ba: yadda ta taɓa korar kura daga garke da muciya, da yadda ba ta iya waƙar daka ba amma ba ta yarda a fi ta ɗaga murya. Sa'idu ya yi ta tambaya kamar mai ɗaukar rahoto. Kwana ɗaya suka yi niyya, suka yi huɗu.

Sa'idu bai koma ɗakin bayan sito ba. Ya sami fili a bakin kogi kusa da inda Sumana ke ɗaure jirgi, ya kafa bukka, ya zama mai garka, duk da cewa shekarar farko tumatirinsa ya ƙone saboda ya ƙi jin shawarar kowa. Daga baya ya auri wata bazawara 'yar Bengou, Mairo, suka haifi 'ya'ya mata uku. Majo Bubakar an mayar da shi Dosso bayan shekara biyu, mutanen Gaya suka raka shi har tasha, tsofaffin mata na cusa masa busasshen kifi a jaka.

Tani ta riga ƙanenta tsufa amma ta fi shi daɗewa. Ya rasu shekara goma sha tara bayan wannan ciwo, da damina, bayan zazzaɓin kwana biyar. A lokacin Gaya ta cika, rumfunan zana sun koma na kwano, direbobin da suka san ta yawancinsu sun daina tuƙi. Ta bar suya ga babbar 'yar Sa'idu, ita kuma ta koma zama a kan benci tana gaisawa da masu wucewa, tana gyara wa yarinyar hannu idan ta ga za ta juya kifi tun bai yi ba.